Bulalar da Ba Ta Dukan Kowa

Akwai wata kalmar Latin da ɗalibai biyu sukan gamu da ita a makarantu biyu dabam, kowannensu kuwa bai san ɗayan yana karanta ta ba. Mai koyon aikin firist yakan same ta a labarin shan wahalar Ubangijinmu, mai koyon aikin jinya kuma yakan same ta a darasin ƙwayoyin cuta. Kalmar ita ce flagellum, jam'inta flagella. A wurin na farko, bulala ce da sojojin Roma suke tsaga bayan mutum da ita. A wurin na biyu, sunan wani siririn zare ne da ke jikin waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wanda suke iyo da shi cikin ruwa. Muna so mu bi sawun yadda kalma ɗaya ta ɗauki waɗannan kaya biyu, gama a ƙarƙashin wannan bincike akwai tambayar da ta shafi irin maganar da ke fita daga bakinmu a gaban gadon majiyyaci.

Tushen kalmar shi ne flagrum, watau bulala. Romawa sukan ƙara wata 'yar gaɓa a ƙarshen kalma idan suna so su ƙanƙanta abu, kamar yadda mukan ce ɗan gida ko 'yar tukunya; ta haka flagrum ta haifi flagellum, 'yar bulala. Sai dai ƙanƙantawar a fatar baki ta tsaya. Duka a Roma hawa-hawa ne: akwai ferula, tsumagiyar malamin makaranta, akwai scutica, igiyar fata mai sauƙi, sannan flagellum, wadda ta fi su duka muni, igiyoyin fata da akan ɗaura wa gutsattsarin ƙashi ko dalma. Ta bayi ce da baƙi. Doka ta kāre cikakken ɗan ƙasar Roma daga irin wannan duka, shi ya sa Bulus Manzo, sa'ad da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima, bai yi wani roƙo ba, sai ya tambayi jarumin ko halal ne a doki Baroma ba tare da shari'a ba, nan take kuwa masu dukan suka ja da baya. Shari'ar Musa ta tsai da iyaka a bulala 40, Yahudawa kuma suka riƙa tsayawa a 39 don gudun ƙetare iyakar. Roma ba ta sa iyaka ba. Kalmar ma ta bi sojoji har cikin harshen Helenanci, domin Matiyu da Markus, da suka zo ba da labarin abin da Bilatus ya sa aka yi wa Yesu, kalmar Romawan suka ara suka sa mata rigar Helenanci. Mutanen da aka mallaka sukan koyi sunan makamin mai mulkinsu tun kafin su koyi gaisuwarsa.

Ba a bakin soja kaɗai kalmar ta zauna ba. Manoman Italiya sukan kira sabon tohon da ke can ƙarshen reshen inabi flagellum, saboda siriri ne mai lanƙwasa, iska tana kaɗa shi. Daga baya aka ba sandar sussukar hatsi wannan suna. A fassarar Latin ta Waliyyi Jerome, wanda ya fara gyaran Bisharu wajen shekarar 383 bisa umarnin Paparoma Damasus, bulalar igiyoyi da Ubangiji ya yi a Haikali ita ma flagellum ce. Mu ma muna da irin wannan tafiya ta kalma, sai dai tamu ta bi akasin hanya: dorina dabbar ruwa ce, muka ɗauki sunanta muka ba bulalar da ake yi da fatarta. Mun ba bulala sunan dabba, Turawa kuma sun ba gaɓar ƙaramar halitta sunan bulala.

Ga yadda abin ya faru. A garin Delft na ƙasar Holan akwai wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge ƙananan gilasai masu ƙara girman abu. A 1676 ya rubuta wa masana na Landan cewa ya ga ƙananan dabbobi suna yawo cikin ɗigon ruwa. A 1677 ya bayyana ƙwayoyin maniyyi da wutsiyoyinsu, a 1681 kuma, da gudawa ta kama shi, ya duba bayan gidansa ya ga wata halitta mai motsi wadda a yau ake kira Giardia. Masanan ƙarni na 19, da madubin likita ya ƙara inganta, suka ga cewa da yawa daga cikin waɗannan halittu suna da dogon zare mai karkarwa a gaba ko a baya. Dukansu kuwa da Latin aka rene su a makaranta. Suka dubi zaren, suka ga yana kaɗawa, sai kalmar da ta fi kusa da harshensu ta fito: bulala. Na bakteriya ya fi wuyar gani, domin kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ba, gashin kan mutum ya fi shi kauri fiye da sau 3,000. Robert Koch na Jamus ya ɗauki hotonsa a 1877, ɗan ƙasarsu Friedrich Loeffler kuma ya samo rinin da ke ƙara masa kauri har a gan shi sosai wajen 1890.

Wani abu a nan ya isa a tsaya a kansa. Masana sun ga wasu zaruruwa gajeru masu yawa, jere a jikin wasu halittu, sai suka kira su cilia, daga kalmar da ke nufin fatar ido da gashinta. Gajeru suka zama gashin ido, dogaye suka zama bulala. A shekarun 1950, da aka sami madubi mai aiki da lantarki, aka yanka su aka duba cikinsu, sai ga shi a halittun da ba bakteriya ba, gashin idon da bulalar gini ɗaya ne: ƙananan bututu tagwaye guda 9 kewaye da guda 2 a tsakiya. Irin wannan gini ne ke share majina da ƙura daga hanyar numfashinmu dare da rana, shi ne kuma wutsiyar ƙwayar maniyyin da ta yi iyo aka ɗauki cikin kowannenmu. Abu ɗaya ya sami suna mai taushi da suna mai zafi, bisa ga abin da ya faɗo wa mai kallo a rai.

Na bakteriya kuwa, ko kaɗawar ba ya yi. A 1973 Howard Berg da Robert Anderson a Amurka suka kawo hujja cewa juyawa yake yi, a 1974 kuma Michael Silverman da Melvin Simon suka nuna haka a fili: suka manna zaren a jikin gilashi, da ya kasa motsi sai jikin ƙwayar ya kama juyawa a kansa. Zaren a murɗe yake, ba ya lanƙwasa kamar igiya, a gindinsa kuma akwai wani ɗan inji da aka dasa cikin fatar ƙwayar, wanda kwararar ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki ke juyawa, kusan yadda ruwan Kainji ke juya injinan wuta. A bakteriyar da ke zaune cikin hanjinmu zaren yakan juya kamar sau 100 a daƙiƙa ɗaya, watau sau 6,000 a minti, ya fi injin mota a kan hanya sauri. Idan ya juya ta gefe ɗaya, zaruruwan sukan haɗu su tura ƙwayar gaba. Idan ya koma ɗaya gefen, sai su warwatse, ƙwayar ta yi 'yar tangal-tangal ta fuskanci wata hanya. In ta ji abinci yana ƙaruwa a inda ta dosa, sai ta tsawaita tafiyar. Ke nan da macen da ke burga miya ce ta fara ganinsa, da maburgi za ta kira shi. Da matuƙin jirgin ruwa ne, da farfela. Ruwa ga halitta mai wannan ƙanƙanta kauri gare shi kamar zuma, in ta daina juyawa nan take take tsayawa. Duk wannan aiki neman abinci ne da gudun abin da zai cuce ta. Ba wanda take duka.

Masana ba su ɓoye wannan ba. Akwai wani rukuni na uku na ƙananan halittu da ake kira archaea, waɗanda nasu zaren yake juyawa amma da wani gini dabam, a 2012 kuwa Ken Jarrell da Sonja-Verena Albers suka ba da shawarar a canza masa suna zuwa archaellum, masana da yawa kuma suka karɓa. Na bakteriya dai ya ci gaba da amsa tsohon sunansa, ba wanda ya cutu, domin duk mai amfani da kalmar a ɗakin bincike ya san cewa suna ne kawai.

Waliyyi Toma na Akwino ya bambanta abubuwa biyu da mukan gauraya: abin da aka ɗauko suna daga gare shi, da abin da aka sa sunan ya nuna. Misalinsa shi ne lapis, dutse, wanda mutanen zamaninsa suka ɗauka ya fito ne daga kalmomin da ke nufin raunata ƙafa. Masana harshe na yau ba su yarda da wannan asali ba, amma batun Toma yana nan daram: ko da daga tuntuɓe aka samo sunan, ba duk abin da ya ji wa ƙafa ciwo ne dutse ba, dutse kuma ba don tuntuɓe aka halicce shi ba. Asalin suna yakan ba mu labarin ranar da ɗan Adam ya fara cin karo da abin, da kuma abin da ke zuciyarsa a ranar. Hakikanin abin sai an sake dubawa. Mukan ce suna linzami ne. To, linzami yana jan doki, yana kuma jan tunanin mai kiran sunan, in bai yi hankali ba.

Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da ta dame mu. Kiran zaren ƙwaya bulala kuskure ne marar lahani. Amma tun kafin a san akwai ƙwayoyin, mutane sun riga sun ba cutar kanta wannan suna. A Helenancin Bisharar Markus, ciwon matar nan mai zubar jini da kalmar bulala aka ambace shi, Latin kuma ya fassara da plaga, watau bugu, inda harsunan Turai da dama suka samo kalmarsu ta annoba. Attila, sarkin da ya addabi Italiya a 452, marubutan baya sun laƙaba masa flagellum Dei, bulalar Allah. Mu ma idan amai da gudawa suka shiga wata unguwa, ko wata cuta ta ƙi jin magani a wani gida, ba a rasa mai cewa bulala ce daga sama. Bulala kuwa ba ta tashi ita kaɗai. Duk wanda ya ambace ta ya riga ya ce akwai hannun da ya ɗaga ta, akwai laifin da aka yi, bayan da ta sauka a kai kuma shi ne na mai laifin. Kalma ɗaya ta yanke shari'a uku ba tare da an kira shaida ba.

Tarihin Ikilisiya ya nuna inda wannan tunani ke kai mutane. Tsakanin 1347 da 1351 annobar da aka sani da Baƙar Mutuwa ta kashe kamar kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ko fiye. Sai ga ƙungiyoyin mutane suna bin gari gari suna tsala wa kansu bulala a bainar jama'a, al'adar da ta fara bazuwa daga Perugia a 1260. Daga kalmarmu aka samo sunansu, flagellantes. Lissafinsu mai sauƙi ne: tunda Allah duka yake yi, bari mu riga shi, ko ya sassauta. Amma wanda ya tabbata cewa annoba hukunci ce, ba ya daɗewa yana dukan bayansa kafin ya fara neman wanda ya jawo ta. Aka ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi, a Strasbourg kaɗai aka ƙone ɗaruruwansu a watan Fabrairu na 1349. Paparoma Clement na VI, daga Avignon, ya riga ya rubuta a 1348 yana tunasar da Kirista cewa Yahudawa ma annobar tana kashe su, a watan Oktoba na 1349 kuma ya haramta ƙungiyoyin masu bulalar. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga baya aka fahimci cewa ƙuman ɓeraye ne ke yaɗa ta. Wani abin lura: wannan ƙwaya ba ta da flagellum ko ɗaya. Duk bulalar da aka gani a shekarun nan a hannun mutane take.

Mai karatu da ya san Littafi Mai Tsarki zai tsai da mu a nan, yana da gaskiya kuwa. Littafin Karin Magana da wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sun yi maganar horon da Uba yake yi wa ɗan da yake ƙauna, a fassarar Latin ta Ibraniyawa ma aikatau na wannan kalma tamu ne aka yi amfani da shi. Tsarkaka da yawa sun karɓi ciwonsu a matsayin horo, sun kuma fita daga cikinsa da zuciya mai tsabta. Ba za mu share wannan ba. Haka kuma akwai cututtukan da halin mutum ke buɗe wa ƙofa, likita ma zai faɗa wa mashayi haka game da hantarsa. Sai dai mu lura da wanda yake magana. Paparoma Gregori Babba, a gabatarwar sharhinsa kan Littafin Ayuba, ya rarrabe wahala iri-iri: akwai ta hukunci, akwai ta gyara, akwai ta tsare mutum daga zunubin da bai riga ya yi ba, akwai kuma wadda ba ta da alaƙa da laifi, sai domin a ga ikon Mai Ceto. Daga waje duka kamanninsu ɗaya. Abokan Ayuba sun ga miki suka karanta laifi, a ƙarshen littafin kuwa su ne Allah ya tsauta wa. Almajirai sun tambayi ko zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Ubangiji ya ƙi zaɓar ko ɗaya daga cikin amsoshi biyun da suka miƙa masa, haka kuma ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. Paparoma Yohanna Bulus na II ya sake jaddada wannan a wasiƙarsa Salvifici Doloris ta 1984, cewa ba kowace wahala ce sakamakon laifi ba.

Abin da muke gani shi ne, mutum yana da izini ya durƙusa a gaban Allah ya ce game da ciwon kansa, na karɓi wannan a matsayin horo, gama shi ya san abin da ke cikin lamirinsa. Ba shi da izini ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa ya faɗi haka game da ciwon maƙwabcin. Laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na wani. Sa'ad da ƙanjamau ta bayyana a ƙasarmu daga 1986, wannan kalma ta bulala ta kori mata masu aminci daga gidajensu, ta sa an guji jariran da ba su san komai ba, ta kuma hana mutane da yawa zuwa gwaji har lokaci ya ƙure. Mu da muke tunawa da dukan da aka yi wa Yesu a asiri na biyu na Asiran Baƙin Ciki, ya kamata a ce mun fi kowa jin nauyin faɗar ta. A wurin da flagellum ta fi fitowa fili cikin bangaskiyarmu, marar laifi ne aka ɗaure, alƙalin da ya ba da umarnin kuma da bakinsa ya ce bai sami laifi a gare shi ba.

Akwai wata illa kuma da ba a cika ambata ba: wanda ya gamsu cewa bulala ce daga sama ba ya ƙara duba ƙasa. Ƙwayar kwalara tana da zare ɗaya a ƙarshen jikinta, da shi take iyo da sauri ƙwarai cikin ruwa da cikin hanji. Cutar ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta yi mana mummunar ɓarna a 1991, a 2021 kuma ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya. Waɗanne gidaje take shiga? Gidajen da rijiya take kusa da masai, unguwannin da famfo ya ƙafe, sansanonin 'yan gudun hijira bayan ruwan sama. Idan wannan bulalar Allah ce, to, mun mai da Allah alƙalin Roma, mai ɗaga wa masu hali ƙafa ya doki bayi. Akwai zunubi a cikin maganar, ba shakka, amma sai a neme shi wurin wanda ya karɓi kuɗin aikin ruwa bai yi ba, da wurin mu da muka ga shadda tana tsiyaya kusa da rijiyar unguwa muka wuce. Uwar da ke shayar da ɗanta ruwan gishiri da sukari cokali cokali cikin dare ba ita ce ake tuhuma ba.

Ingila ta bi ta wannan hanya kafin mu, hanyoyin biyu kuma duka an gwada su a can. A watan Maris na 1832, da kwalara ta shiga ƙasar, gwamnati ta sa ranar azumi da addu'a ta ƙasa baki ɗaya. Addu'a ba ta taɓa zama ɓata lokaci ba, amma rijiyoyin suna nan yadda suke, cutar kuwa ta yi ta dawowa. A 1854 ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe sama da mutum 600 cikin 'yan makonni. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan, ya ga yawancinsu daga famfo ɗaya suke sha a titin Broad, ya roƙi hukumar unguwa aka cire hannun famfon. A wannan shekarar ce Filippo Pacini a Florence ya ga ƙwayar a hanjin waɗanda suka mutu, amma ba a kula da shi ba sai bayan shekaru masu yawa. Wani matashin limamin Angalikan na unguwar, Henry Whitehead, bai yarda da maganar Snow ba, sai ya shiga gida gida cikin mutanen da ya sani da sunayensu domin ya ƙaryata ta. Abin da ya tattara ya tabbatar da ita. Shi ne ya gano cewa kafin ɓarkewar wata jaririya ta kamu da gudawa a gida mai lamba 40, mahaifiyarta kuma ta riƙa zuba ruwan wankin tsummanta a ramin ƙazanta da ke gaban gidan. Da aka tona a 1855, aka tarar ginin ramin ya ruɓe yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar famfon kuwa bai kai mita ɗaya ba.